Tambaya: wannan DEI da Turawa ke tambayarmu a kai, yana da amfani ko cika takarda ne kawai?

Maman Fadila, Unguwar Rimi:

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar kula da ma'aikata, ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen don ku gane inda na dosa.

Ina aiki ne a wani kamfani a Kakuri, ni ke riƙe da fayil ɗin ma'aikata, hutu, takardun albashi, da shirya intabiyu in za a ɗauki mutum. Citta muke saye daga wajen Kachia da Kagarko a busar a tsince a zuba a buhu a fitar waje, tun da cutar nan ta shiga gonakin citta a 2023 kuma sai muka haɗa da waken suya da riɗi don kada a kai ga rufewa. Mu 46 ne gaba ɗaya, ban da mata masu tsinta da ake biya kullum. To satin da ya wuce wani kamfani a Holan da yake so ya fara saye a hannunmu ya turo mana wani dogon fom, a ciki akwai sashe guda da suka kira DEI. Mata nawa ne a ma'aikatanku, nawa ne a cikin shugabanni, akwai masu buƙata ta musamman ko babu, in an zalunci ma'aikaci wa yake kai wa ƙara, kuna da rubutacciyar ƙa'ida a kan nuna bambanci? Oga ya miƙo min ya ce Hajiya ki duba intanet ki haɗa mana wani abu mai kyau kafin Juma'a ta sama.

Na duba ɗin. Abin da na gane shi ne haruffan uku suna nufin a samu mutane iri-iri a wurin aiki, a yi musu adalci, sannan a dama da kowa kada wani ya ji shi bare ne. Na ga akwai ƙungiyoyi da ba riba suke nema ba, aikinsu ke nan a duniya, kamar Catalyst da aka kafa a New York tun 1962 saboda mata ma'aikata, da wata Centre for Global Inclusion da ta fitar da wani kundin ma'auni da kamfani zai auna kansa da shi. Na sauke shi amma wallahi ya yi min yawa, ban san ta ina zan kama ba.

Zan iya kwafo wata ƙa'ida in canza suna in ba oga ya sa hannu, ba zai ɗauke ni awa biyu ba. Abin da ya hana ni shi ne wani abu da ya faru wata biyu da suka wuce da har yau yana ci min rai. Mun nemi mataimakin akanta, a cikin waɗanda aka kira akwai wani yaro mai HND, takardunsa sun fi na kowa kyau, ranar intabiyu sai ga shi a keken guragu, mu kuma ofishinmu a saman bene yake, matakala ce kawai. Maigadi da wani lebura suka ɗauke shi cak kamar buhu suka hau da shi, keken aka bari a ƙasa, aka ajiye shi a kujera a gabanmu rigarsa duk ta yamutse yana gyarawa yana ba mu haƙuri, shi ke ba mu haƙuri fa. Ya amsa tambayoyi da kyau. Bayan ya fita ba wanda ya ce komai a kan iliminsa, abin da aka ce kawai shi ne "to wa zai riƙa ɗaukarsa kullum?" Aka ɗauki wani. Ni ma ina wurin ban ce uffan ba.

Shi ya sa nake tambaya, abin nan na ƙungiyoyin waje zai iya aiki a wuri irin namu kuwa, ko dai kayan Turawa ne da bai dace da mu ba? In zai yi, me ƙaramin kamfani zai fara da shi? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Abu Huzaifa, Kawo:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ni dai shawarata ki bi a hankali, kada ki sa wa oganki hannu a kan abin da ba ku karanta ba tun daga farko har ƙarshe. Waɗannan takardun na waje ba duka abin da ke ciki ne ya yi daidai da addininmu da al'adarmu ba, wani ma ya saɓa wa dokar ƙasar nan, in kin kwafo a dunƙule wata rana za a buɗe a ce ai ku kuka rubuta.

Na biyu, su kansu masu abin ba su daidaita a kai ba. A 2023 kotun ƙolin Amurka ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, Trump yana dawowa a Janairun 2025 tun kwanakin farko ya sa hannu a rufe ofisoshin DEI na gwamnatin tarayyarsu, manyan kamfanoni irin su Meta da Walmart duk sun ja da baya. To abin da mai shi ke jefarwa ne mu za mu tsinta?

Na uku kuma mun ga irinsa a garin nan har mun gaji. A kira bita a otal kwana biyu, a raba jaka da biro da kuɗin mota, a ci shinkafa a ɗauki hoto a watse, Litinin kowa ya koma yadda yake. Na taɓa zuwa wata bita a kan masu buƙata ta musamman da aka yi a hawa na biyu na otal ɗin da ba lifta, ki ji fa.

Labarin yaron nan ya taɓa ni sosai, amma ni ban ga abin da ya kawo Bature a ciki ba. Suratu Abasa a kan makaho ta sauka, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, kuma Annabi (SAW) ya sha barin sa ya tsaya a kan Madina in zai yi tafiya. A huɗubar ban kwana an gaya mana Balarabe bai fi wanda ba Balarabe ba sai da taƙawa. Muna da namu, mun dai ƙi aiki da shi ne.

Kabiru Ɗan Rigasa:

Hajiya sannu, Allah ya biya ki da kika faɗi gaskiya a kan kanki, da yawa ba za su faɗa ba. Ni shan inna ta kama ni tun ina shekara uku, a keke nake yawo, don haka abin da aka yi wa yaron nan an yi min shi ya fi a ƙirga. Bari in gaya miki abin da ke faruwa a zuciyar mutum in an ɗauke shi an hau bene da shi: tun kafin a ajiye ka ka riga ka san ka faɗi intabiyun, domin abin da suka fara gani shi ne wahalar da za ka ba su. Duk abin da ka kwana kana haddacewa sai ya watse, kana ta tunanin yadda za a sauko da kai, ko wandonka ya zame, ko in fitsari ya matse ka ina za ka. Ni ranar intabiyu ba na shan ruwa tun asuba saboda wannan.

Malam Abu Huzaifa, da girmamawa, duk abin da ka kawo na addini gaskiya ne kuma muna jin sa a wa'azi tun muna yara, amma je ka ƙirga masallatan Juma'a nawa ne a Kaduna mai keke zai shiga da kansa har sahu ba tare da an ɗaga shi ba. A bakin ƙofa aka saba ganinmu, a miƙo mana naira hamsin a wuce. Muna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu tun kaka da kakanni, wato an san da mu, amma wurin da aka ware mana shi ne na karɓar sadaka. In yau wani mai sayen citta a Holan ne zai sa a tuna cewa muna iya riƙe littafin kuɗi, ni dai ba zan ce masa a'a ba.

Kuma Hajiya wannan ba ma maganar Bature ba ce, doka ce ta Najeriya. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci ta 2018, Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019. Ta ce duk wanda ya nuna wa mutum bambanci saboda nakasarsa, in kamfani ne tarar naira miliyan 1, in mutum ne naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su gyara yadda za mu iya shiga, wa'adin ya ƙare tun Janairun 2024. Ta kuma ce ma'aikatun gwamnati su ba mu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, har hukuma aka kafa mana a 2020. Aiki da ita ne dai ya rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 a duniya yana da wata nakasa mai tsanani, to ku 46 ne ba ko ɗaya, ba wai ba mu nema ba ne.

Abin da zan roƙe ki, kada ki fara da rubuta ƙa'ida, fara da ƙafa da tef na awo. Sauko ƙasa ki duba ko akwai ɗaki ko sito da za a iya mayarwa ofis, ai aikin akanta kwamfuta ce da teburi, ba dole sai a sama ba. Ki auna ƙofar banɗaki, yawancinsu keke ba ya shiga, faɗin ƙofa ya kai kamar santimita 90 an huta. In akwai 'yan matakala a bakin ƙofar shiga a zuba gangare na siminti, amma don Allah ki tsaya a kan magini, domin su gangaren tura baro suke yi mai tsaye kamar dutse, in ka hau sai ka kifa ta baya. Ƙa'idarsa duk tsayin santimita 1 yana buƙatar tsawon santimita 12, wato matakala uku masu santimita 15 kowace, gangaren zai haura mita biyar, kuma kada a goge shi ya yi santsi saboda damina.

Ba mu kaɗai ba ne kuma. Ina da aboki makaho da ke aiki da kwamfuta fiye da ni, akwai wata manhaja NVDA kyauta ce tana karanta masa duk abin da ke allo, abin da ke kayar da shi kawai shi ne a ɗauki hoton sanarwar aiki a tura a WhatsApp, manhajar ba ta karanta hoto yadda take karanta rubutu. Kurame kuma a aikin tsinta da ɗinkin buhu da awo ba wanda zai nuna musu, mutum ɗaya da ya iya maganar hannu ya ishe ku.

In kina da lambar yaron nan a fayil ki kira shi. Ko ba aiki, ki gaya masa takardunsa sun yi kyau. Ba a taɓa kirana an gaya min haka ba.

Baba Yakubu, Sabon Tasha:

'Yata sannu da ƙoƙari. Jikata ce ta nuna min wannan zance ta ce in sa baki tunda na yi aiki a Kakuri, ita ke buga min ina faɗa.

Na yi shekara 22 a ɗaya daga cikin masaƙun nan kafin a rufe. Ku yaran yanzu ba ku ga Kakuri ba, tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957 sauran suka biyo baya, in aka busa tashi da yamma titi baƙi ƙirin yake da kekuna. A layin injin da nake akwai Bakatsine, akwai Tibi biyu, akwai Bayarabe ɗan Ofa, akwai Banufe, ni kuma mutumin Zangon Kataf. Ba wanda ya yi mana bita. Abin da ya haɗa mu shi ne ɗaukar aiki a bakin geti ake yi a bainar jama'a, akwai ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi da in an taɓa ɗaya za ta tsaya masa ba ta tambayar inda yake ibada, kuma kantin cin abinci ɗaya ne. Ranar Juma'a ni nake riƙe wa Malam Sani injinsa, ranar Kirsimeti shi yake karɓar dutina, in an yi Sallah har gida matarsa ke aiko mana da nama.

A Tudun Wada nake zaune a lokacin, har rikicin Fabrairun 2000. Maƙwabcina Musulmi ne ya ɓoye mu kwana uku a ɗakin matarsa, bayan nan muka kwashe muka tsallako gada, su ma Musulmin da ke wannan ɓangare suka tsallaka can. Aka sake yi a 2002, aka sake a 2011. Yau kogi ya raba garin biyu, yaron da aka haifa a Narayi yana iya kai shekara ashirin bai taɓa cin abinci a gidan Musulmi ba, na Rigasa ma haka.

Abin da ya sa na kawo wannan, fom ɗin mutanen Holan ya tambaye ki mata da nakasassu, kuma daidai ne, amma bai san ya tambaye ki abin da ya fi mana ciwo a Kaduna ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki ɗauki sunayen nan 46 ki duba da kanki, su wa ke sama a ofis, su wa ke ƙasa a sito, daga wane gefen gada kowa ke zuwa. Ba na zargin oganki da mugunta, yawanci ba mugunta ba ce. Gurbi ya samu sai a ce wa ya san wani yaro mai amana, kowa kuma ɗan unguwarsu da ɗan masallacinsu ko cocinsu ya sani, kafin a ankara ofis ya zama gida ɗaya. A wannan gefen namu ma haka ake yi, akwai makarantu da asibitoci masu zaman kansu da in sunanka Abubakar takardarka ba za ta wuce teburin sakatare ba, ban ɓoye ba. Citta kuma daga ƙasarmu kuke sayowa, in ba ku da ko mutum ɗaya a ofis da yake jin yaren manoman nan ko ya san al'adarsu, ku ne da asara ranar da ciniki ya yi tsami.

Ɗana Abu Huzaifa ya ce muna da namu, na yarda. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye a nan garin suke, da can abokan gaba ne, Faston har hannu ya rasa a faɗa, amma tun 1995 suke aikin sulhu tare har ƙasashen waje ana gayyatarsu. Gwamnati ma tana da nata, tsarin raba daidai na guraben gwamnati tsakanin jihohi ya shiga kundin tsarin mulki tun 1979 aka kafa masa hukuma a 1996, sashe na 42 na kundin 1999 kuma ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko addini ko jinsi ko inda ya fito. Amma kun ga yadda ya koma, a raba gurabe a takarda, a ƙarshe mai uwa a gindin murhu ne ke samu. Don haka ni ba na ba ki shawarar kason ƙabila, buɗe ƙofar neman kawai ki bar kowa ya ji labari.

Anti Bilki:

Maman Fadila ƙanwata, na yi wannan aikin shekara tara a wata ƙungiyar agaji kafin kuɗin tallafin Amurka ya tsaya a 2025 aka sallame mu, bari in taimaka da abin da na sani.

Kundin nan da kika sauke na san shi, GDEIB ake ce masa, bugun 2021 yana da sashe 15 da ma'auni 275, kuma ɗaya daga cikin mutum uku da suka rubuta shi 'yar Afirka ta Kudu ce, Nene Molefi, don haka ba a Amurka kaɗai aka dafa shi ba. Kada ki ce za ki bi duka, manyan kamfanoni masu dubban ma'aikata ma ba sa gamawa. Amfaninsa shi ne matakai biyar da ya jera a kowane sashe, daga wanda bai fara komai ba, zuwa wanda yake yi don an tilasta masa, har zuwa wanda ya zama abin koyi. In kin cika fom don mai saye ya gani kawai, kuna mataki na biyu ke nan. Ki zaɓi sashen ɗaukar aiki da na albashi da hutu, ki bar sauran tukuna. Maganar Malam Abu Huzaifa ta karanta komai kafin sa hannu daidai ce, ƙa'idar taku ce, ku rubuta abin da za ku iya tsayawa a kai a gaban ma'aikatanku da dokar ƙasa, shafi ɗaya ya isa, a yi ta da Hausa da Turanci a manna a bango.

Kuma maganarsa ta bita ma bincike ya goyi bayansa. Wasu malaman jami'a biyu, Frank Dobbin da Alexandra Kalev, sun bi bayanan kamfanonin Amurka sama da 800 na wajen shekara 30, a 2016 suka bayyana cewa bitar dole ba ta ƙara komai, wani lokaci ma baya take mayar da hannun agogo saboda mutane ba sa son a tsare su a yi musu faɗa. Abin da suka ga yana aiki shi ne a haɗa ƙaramin ma'aikaci da babba yana jan sa a jiki, a fita neman mutane inda ba a saba nema ba, a kuma ɗora wa wasu alhakin duba alƙaluma lokaci-lokaci.

Abin da muka yi da ya canza mana ofis ba mai tsada ba ne. Kowane gurbi sai an yi sanarwarsa a fili sati biyu, ko da na mai shara ne. Kafin a tantance takardu sai in rufe suna da hoto da jiha da addini in sa lamba. Wannan ya samo asali ne daga wani gwaji da aka yi a Boston da Chicago aka buga a 2004, an tura takardun neman aiki iri ɗaya sak, sunaye kawai aka canza, masu sunan fararen fata suka samu kira fiye da masu sunan baƙaƙe da kashi 50 cikin 100. Ki sa Musa da Moses a wurin ki gani ko mu mun tsira. A intabiyu kuma mutum uku ne, tambayoyi iri ɗaya ga kowa, kowa ya rubuta makinsa kafin a yi magana, domin in oga ya fara buɗe baki shi ke nan kowa ya bi.

Sai mata. Ki lura da abin da kika rubuta da hannunki, "ban da mata masu tsinta da ake biya kullum". Nawa ne su? Su ne ke zaune a ƙasa cikin ƙurar citta tun safe, tana shiga ido tana sa tari, kuma ba sa cikin lissafi. Akwai takunkumin hanci? Akwai banɗakinsu daban? In mai kula da su ya nemi wata da lalata ya ce in ta ƙi gobe ba aiki, wa za ta gaya wa da ba shi ba ne ko abokinsa? Dokar ƙwadago ta ba mai haihuwa sati 12 da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aiki, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa, gwamnatin Kaduna kuma ta kai na ma'aikatanta wata shida tun 2019. Da yawa kamfanoni sai su guje wa ɗaukar matar aure gaba ɗaya, a intabiyu a tambaye ta yaushe za ki sake haihuwa, ni an yi min. Ƙasar da sanata mace 4 ce cikin 109 ba abin mamaki ba ne, amma jihar da mataimakiyar gwamnanta mace ce tun 2019, yankin da Nana Asma'u ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna koyar da mata kusan shekara 200 da suka wuce, bai kamata a ce mace ba ta iya riƙe sito ba.

Wani ƙaramin abu da ba ya cikin kowane kundi: lokacin mitin. In aka sa shi ƙarfe biyar na yamma, mai tsallaka gada cikin cunkoso da mai goyo da mai zuwa ɗauko yara a Islamiyya su ne za su riƙa sulalewa, sai a ce ba su da himma.

Fom ɗin kuwa ki cika shi da gaskiya. Inda babu ki rubuta babu, ga abin da za mu yi nan da wata shida. Irin waɗannan masu saye sukan turo mai duba aiki har wurin.

Abu Huzaifa, Kawo:

Malam Kabiru ka gaya min gaskiya kuma na karɓa. Masallacin unguwarmu matakala huɗu ne, ina cikin kwamiti, zan kai maganar Asabar ɗin nan in sha Allahu, awon nan na 1 da 12 na rubuta shi. Har yanzu dai ina nan a kan bakana cewa kada a kwafo takardar waje a dunƙule. Baba Yakubu Allah ya ƙara lafiya, mahaifina ma a masaƙa ya yi aiki, irin labarin da yake ba mu ke nan.

Maman Fadila, Unguwar Rimi:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba na yi abin da ka ce jiya bayan an tashi, na zauna da fayil ɗin ni kaɗai. A saman bene mu 11 ne, 10 daga gefe ɗaya na gada muke, mace ni kaɗai ce, shida a ciki kuma ko dangin oga ne ko 'yan unguwarsu. Shekara shida ina wurin ban taɓa ƙirgawa ba. Masu tsinta Anti Bilki, in kaya ya zo suna haura 60, ba sunan ko ɗaya a fayil sai a littafin mai kula da su, banɗakinsu ɗaya ne da na leburori kuma ƙofarsa ba sakata, yau da safe na sa kafinta ya saka.

Na yi wa oga magana. Ya yarda a cika fom ɗin yadda abin yake, ya yarda da sanarwar aiki a fili, maganar rufe sunaye ce ya ce zai yi tunani domin akwai wani gurbi da ya riga ya yi wa wani alkawari. Ban matsa ba tukuna. Akwai ɗaki a ƙasa kusa da sikeli da muke tara tsofaffin buhuna, na auna ƙofarsa santimita 95 ce, matakala biyu ne a bakinsa.

Malam Kabiru na kira yaron. Ya gane ni tun kafin in gama gabatar da kaina, yanzu yana koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Kabala, ya ce albashin ba ya isar kuɗin keke napep amma yana maneji. Na gaya masa abin da ka ce in gaya masa, ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ce ya gode. Ban yi masa alkawarin komai ba saboda ba a hannuna yake ba, amma bayan kaka za mu nemi mai riƙe lissafin sito kuma na ce masa zan turo masa sanarwar. Tambayata yanzu, matakala biyun nan tsayinsu gaba ɗaya santimita 32 ne, in na bi lissafinka gangaren zai kusa mita huɗu kuma a nan motoci ke juyawa in za su sauke kaya, ana iya yin sa a kwance ya bi jikin bango ko dole sai ya miƙe ya fuskanci ƙofa?

Kabiru Ɗan Rigasa:

Ana yi Hajiya, ya bi jikin bango ma ya fi, sai dai a bar fili shimfiɗaɗɗe a sama daidai bakin ƙofar, kamar mita ɗaya da rabi kowane gefe, don keke ya samu wurin juyawa ya shiga, a kuma ɗan ɗaga bakin gangaren ta gefen da ba bango don taya kada ta zame. In magini ya zo ki turo min saƙo, ranar Asabar ba na aiki, zan zo in hau shi da kekena kafin a zuba siminti na ƙarshe.